Amsa kan ɗan tsuntsun Dutsen Kamaru

Malam, kun tambaya ko ɗan tsuntsun nan mai baƙin kai, wanda masana ke kira Zosterops melanocephalus, zai iya rayuwa a nan Tawa. A ganina ba zai iya ba, domin babu inda ake samunsa sai a kan Dutsen Kamaru, daga tsayin mita 1,800 zuwa kusan 3,000, inda sanyi da laima ba sa yankewa. Yakan yi yawo cikin ƙaramin garke a bakin kurmi, yana tsintar ƙwari tsakanin ganyaye, yana haɗawa da ƴaƴan itatuwa. Zafinmu na Afrilu, mai wuce digiri 40, kaɗai ya isa ya halaka shi. Can ma gobarar daji da aman wutar dutsen, irin na 1999 da 2000, suna rage masa mazauni.