Baƙin haya sun bar mini gida kaca-kaca: me zan iya karɓa a hannunsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida mai ɗaki uku a Birnin Kebbi, da kayan ɗaki, ina ba da shi hayar kwanaki ga 'yan biki da masu zuwa hutu, musamman lokacin bikin kamun kifi na Argungu. Baƙin ƙarshe sun ce su huɗu ne, ashe sun haura goma. Sun bar lalle da manja a zanin gado, kifi ya ruɓe a firji, garwashin shisha ya ƙona kafet, magudanar kicin ta toshe. Na kira wanda ya kama gidan, ya ce ai ya biya kuɗinsa. Ina da haƙƙin neman diyya? Ko in daina ba 'yan biki gaba ɗaya? — Wata Hajiya daga Birnin Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba da haƙuri. Kina da haƙƙi, amma ba a kan duk abin da kika lissafa ba. Ki fara raba ƙazanta da ɓarna, domin haɗa su ne ke sa masu gidaje faɗa da baƙi a kan abin da ba za su ci ba, har su rasa wanda za su ci.

Ƙazanta ita ce abin da ruwa da sabulu da tsintsiya za su gyara: kwanukan da ba a wanke ba, shara, ƙura, tawul mai datti. Wannan naki ne, yana cikin kuɗin da kika yanka. Mutumin da ya zo hutu bai zo yi miki shara ba, kuma da hunturu ko gidan da ba kowa ciki sai ya yi ƙura. Ɓarna kuwa ita ce abin da ya rage darajar kayanki ko ya sa kika kira mai gyara. Kafet ɗin da ya ƙone ɓarna ce. Magudanar da aka cusa wa ɓawon kifi da mai da ragowar shinkafa ɓarna ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin ijara, wato haya: mai haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace ta hanyar amfani na al'ada, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Wanda ya ce mutum huɗu ya kawo goma ya ƙetare iyaka, kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna Musulmai suna kan sharuɗɗansu. Don haka “na biya kuɗina” ba ta wanke shi ba. Kuɗin zama ya biya, ba kuɗin ƙona kafet ba.

Abin tambaya shi ne hujja. In kuna da saƙon WhatsApp inda ya ce su huɗu ne, kada ki goge shi. Ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai, ki karɓi rasit a wurin mai gyaran famfo, sannan ki tura masa jimilla ɗaya da bayaninta, cikin ladabi. Kada ki caje shi kuɗin sabon kafet alhali naki ya sha shekaru. Nemi abin da ya dace da tsufansa. In ta hannun dillali ko ɗan uwa ya zo, ta nan za ki bi, don kunyar wanda ya tsaya masa ta fi barazanarki tasiri. In ya ƙi, akwai mai unguwa, akwai kotu, sai dai ki auna ko kuɗin ya kai a yi masa zirga-zirga. Abin da ba na so ki yi shi ne sa hotonsa a Facebook ko riƙe kayan da ya manta. Nan take mai gaskiya kan koma wadda ake ƙara.

Game da gyaran yanzu: manja ba ya son gaggawa. A barbaɗa hoda ko garin sitaci ya tsotse man, a goga sabulun wanke kwanuka, a wanke, a shanya a rana mai ƙarfi, domin rana na cinye jan launinsa. Kada a yi guga sai tabon ya fita, zafi na kama shi. Lalle kuwa rini ne, da wuya ya fita duka, shi ya sa nake ba masu gidaje shawarar ajiye zannuwan gado masu duhu da arha don 'yan biki. Firji a kashe shi, a cire komai, a wanke da ruwan lemun tsami, a sa kwanon gawayi a ciki, a bar ƙofar a buɗe. Ki ja kunnen mai yi miki aiki kada ta taɓa haɗa Hypo da Harpic a banɗaki wai don ya fi fita. Iskar da suke tayarwa guba ce, a rufaffen wuri tana iya kai mutum asibiti.

Batun daina ba 'yan biki, ban goyi baya ba. Su ne kasuwarki. Bikin Argungu ya samo asali tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Duk shekarar da aka yi shi, masaukan Argungu ba sa ɗaukar jama'ar da ke zuwa kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, da yawa a Birnin Kebbi suke kwana. Wanda ya je kallon kamun kifi kuwa da kifi zai dawo, kuma lokacin zafi ya fara shigowa. Wuta ta ɗauke yini guda, firji ya zama abin da kika gani. Tunda kin san haka za a yi, sai ki shirya masa: wurin gyaran kifi a tsakar gida, da tabarma da bokiti da babban kwandon shara, da rariya a bakin magudanar kicin, da leda mai hana ruwa a kan kowace katifa. Kafet ma, da ni ce, da na naɗe shi na bar tayil.

Sannan kada mabuɗi ya bar hannunki sai da abu uku: takarda ko saƙo mai ɗauke da adadin masu kwana da abin da aka hana, kamar shisha a ɗaki da girki a falo, bidiyon gidan da kuka zaga tare, da kuɗin ajiya da za ki mayar in an bar gida lafiya. Mutanenmu kan ji nauyin neman wannan kuɗi, wai baƙonka annabinka. Gaskiya ne, amma wannan baƙon ciniki ya kawo shi, kuma faɗin sharaɗi tun farko ya fi mutunta shi a kan kiran waya na rigima daga baya. Ki mayar da kuɗin a ranar da ya fita, bayan an duba gidan a gabansa. Wanda ya ga kuɗinsa ya dawo cif shi zai turo miki wani.

In kin sa gidan a Airbnb, manhajar ba da hayar gidaje ta intanet, ƙa'idarsu ita ce a shigar da neman diyya cikin kwana 14 da fitar baƙon, kuma tun Afrilun 2024 sun hana kyamara a cikin gida kwata-kwata. Ko ba ta nan kike samun baƙi ba, kada ki sa ta a ciki. Mai gadi a bakin ƙofa ya isa ya ƙirga masu shiga. Ga masu kwana da yawa, ki sa mai shara ta riƙa shiga duk bayan kwana biyu da saninsu, a cikin kuɗin haya. 'Yan biki kuma ki yanka musu farashi daban, ki tambaye su kai tsaye ko a gidan za a yi lalle da girki, in a nan ne a ƙara kuɗin ajiya.