Filin Mushen Wasanni: Kiplimo ne ya zo na ɗaya, me ya sa aka kira Kenya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu huɗu na wannan karo duk a kan kuros suke, wato gudun daji, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar ƙwallo da kokowa ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Mushe, gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadarmu. Mun kalli gasar kuros ta duniya ta birnin Belgrade a waya, da idonmu muka ga Jacob Kiplimo ɗan Yuganda ya shigo na ɗaya, amma da aka zo ba ƙasashe lambar yabo sai aka kira Kenya. Ni na ce maguɗi aka yi wa Yuganda, abokina ya ce ba haka ba ne. Ka raba mu. Daga wani tela, unguwar Wadata, Tawa.

AMSA: Ɗana, abokinka ne da gaskiya, amma kai ma idonka bai yi maka ƙarya ba. Ranar 30 ga Maris 2024 Kiplimo ya cinye kilomita 10 ɗin nan cikin minti 28 da daƙiƙa 9, Berihu Aregawi na Habasha yana biye da shi, sai Benson Kiplangat na Kenya na uku. Zinariyar mutum ɗaya tasa ce, babu wanda ya taɓa ta. Abin da ya rikita ku shi ne, a tsere ɗaya gasa biyu ake yi, ta mutum da ta ƙasa.

Ga yadda lissafin yake. Kowace ƙasa tana iya sa mutum shida, amma huɗun da suka fara shigowa su ake ƙirgawa. Matsayin da ka zo shi ne makinka: na ɗaya maki 1, na bakwai maki 7, na ashirin maki 20. Sai a tara na mutum huɗun, ƙasar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. A Belgrade 'yan Kenya sun shigo na 3, na 4, na 5 da na 7, ka ga 19 ke nan. Yuganda tana da Kiplimo na 1 da Joshua Cheptegei na 6, maki 7 kacal tsakaninsu, amma sauran biyun nata sun yi baya, sai ta tashi da 31. Ka ɗauki takarda da biro ka nuna wa 'yan fada, gardama ta ƙare. A ɓangaren mata kuwa ba a ma bar wa kowa wurin magana ba, domin Beatrice Chebet ta zo ta ɗaya, 'yan ƙasarta huɗu suka biyo ta a jere. Kenya ta samu maki 10, kuma babu lissafin da ya fi wannan kyau a tsarin.

Wannan tsarin ne ya sa nake son kuros fiye da kowane gudu. Kamar gayya ce: ba a cewa gona ta nomu don wani ƙaƙƙarfa ya riga kowa kai kunyarsa bakin iyaka, sai sauran sun iso. Lokacin da nake koyar da wasanni a kwaleji, yaron da na fi tsayawa a kansa shi ne na huɗun ƙungiya, wanda ya san ba zai ga ƙurar na gaba ba. Idan ya gane cewa wuce mutum biyu a mita ɗari na ƙarshe zai iya ba lakwal ɗinsu kofi, sai ka ga yaro ya canza. Ya daina waige, ya daina tsayawa riƙe da ciki. Na ga yaran da ba su taɓa cin komi su kaɗai ba an ɗauke su a kafaɗa, kuma sun cancanta.

Kenya ta daɗe da gane haka. Tun da aka fara wannan gasa a 1973 a garin Waregem na Beljiyam, babu abin da ya kai jerin da mazan Kenya suka yi: kofin ƙasa sau 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003. A cikin shekarun nan John Ngugi ya ci sau biyar, Paul Tergat ma sau biyar, nasa kuma a jere daga 1995 zuwa 1999. Amma ko a shekarun da Kenenisa Bekele na Habasha ya fara cin zinariyar mutum ɗaya, a 2002 da 2003, kofin ƙasa na dogon tsere bai bar hannunsu ba, saboda bayan Bekele rigunan Kenya ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya.

TAMBAYA: Mushe, ni malama ce, ina riƙe da ajin 'yan mata. Na ga hoton wata 'yar Habasha da ta faɗi dab da layin ƙarshe, wani ya taimaka mata ta tashi, aka ce an kore ta daga gasar. Ina tausayi a nan? Kuma in har gwanayen duniya suna faɗuwa haka, ba ganganci ba ne in sa yarana gudu a zafin Yamai? Daga wata malama, unguwar Lazare, Yamai.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da kula da amanar da aka ba ki. Wadda kika gani Letesenbet Gidey ce, a Bathurst ta ƙasar Ostareliya, ranar 18 ga Fabrairu 2023. Watan Fabrairu a can lokacin bazara ne. Tana kan gaba, saura 'yan mitoci ta taka layi, Chebet ta taso mata, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta ta zube. Aka ɗaga ta, ta ƙarasa, amma doka ta ce duk wanda aka tallafa wa ya ci gaba da tsere ya fita daga lissafi. Ni ma abin ya taɓa mini zuciya. Sai dai ki duba ta wajen Tsigie Gebreselama da Agnes Ngetich da suka zo ta biyu da ta uku: su ma rana ɗaya ta gasa su, kuma da ƙafarsu suka iso. In aka buɗe ƙofar tallafi, gobe kowane mai horarwa zai tsaya bakin layi yana jiran ya ja nasa.

Maganar zafi kuwa ba ta wasa ba ce, kuma tarihin gasar ya nuna haka. A gasar Olamfik ta Paris a 1924 mutum 38 suka tashi, 15 kaɗai suka iso saboda zafin ranar, daga nan aka cire kuros daga Olamfik har yau. A Mombasa a 2007 zafi da gumin bakin teku suka sa Bekele, wanda ya ci dogon tseren sau biyar a jere kafin nan, ya fita bai gama ba, Zersenay Tadese na Eritiriya ya ɗauki zinariya. A Kampala a 2017 Cheptegei ya ba kowa rata a gaban mutanen ƙasarsa, ana ta sowa, sai a zagayen ƙarshe jikinsa ya mutu, ya dinga tangaɗi har ya shigo na 30. Na kawo miki shi ne don abin da ya biyo baya: bayan shekara biyu, a Aarhus ta Denmak, a kan hanyar da ta bi har ta saman rufin wani gidan tarihi, shi ne ya zo na ɗaya. Ki ba yaranki wannan labarin.

Kada ki hana su gudu, ki zaɓa musu lokaci. Kuros wasan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, da sanyin safiya kafin ƙarfe tara. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da Yamai ke wuce digiri 40, a ajiye tsere. Ranar da ƙura ta rufe gari ma a ɗaga, musamman saboda masu asma. Su sha ruwa tun daga gida, a kuma ajiye jarka a wurin tashi da wurin isowa. Yarinyar da ta tashi daga zazzaɓin cizon sauro cikin makon nan, ko mai azumi, ko wadda ba ta karya ba, ta zauna ta riƙe miki takardar maki. Idan kika ga yarinya ta fara tangaɗi, ko tana magana ba kan gado, kada ki ce ta daure: a kai ta inuwa, a jiƙa mata jiki da ruwa, a yi mata fifita, a nufi likita da ita. Game da nisa, ki tuna a gasar duniya ma 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 kilomita 6 suke yi, samari 8. 'Yan ajinki kilomita ɗaya zuwa biyu ya ishe su, a fara da gudu haɗe da tafiya.

TAMBAYA: Malam, kullum Kenya, Habasha, Yuganda. Ban taɓa jin an kira ɗan Nijar cikin na gaba ba, alhali yaranmu na ƙauye suna bin dabbobi wuni guda a ƙasa. Ko abin a jini yake? Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Yamai.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, ban yarda da maganar jini ba, kuma ina jin zafi in na ji matasanmu suna faɗinta, domin tana kashe zuciya tun kafin a ɗaura takalmi.

Akwai abin da Allah ya ba su wanda ba za a musa ba, shi ne tudu. Garin Iten na Kenya yana wajen mita 2,400 sama da teku, Bekoji ta Habasha, mahaifar Bekele da Derartu Tulu da Tirunesh Dibaba, ta kusa 2,800. Iskar can ba ta cika huhu kamar tamu, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya wadatu, in mutum ya sauko ƙasa ya yi tsere sai ya samu sauƙi. Yamai kuwa ba ta wuce mita 200 da 'yan kai ba. Mu sai an je Bagazam a dutsen Ayar kafin a samu mita 2,000.

Amma tudu yana nan tun fil azal, Kenya da Habasha kuwa sai a 1981 suka fara shiga wannan gasa, a Madrid. Yuganda ma sai a 2017 ta samu zinariyarta ta farko, ranar da Kiplimo ya ci tseren matasa a Kampala yana ɗan shekara 16. Abin da ya canza shi ne an gina matakala. Yaro yana tsere a makarantarsu, ya wuce na gunduma, ya wuce na yanki, ya kai na ƙasa, kowace shekara, a lokacin da kowa ya sani. Soja da 'yan sanda da ma'aikatar gidajen yari a Kenya suna ɗaukar masu gudu aiki, su ba su albashi da lokacin horo. Yaro yana ganin maƙwabcinsu ya gina gida da gudu. Mu yaron da ke bin awaki a Abalak ko Keita, wa ya taɓa riƙe masa agogo? Yana iya zama gwani ya tsufa bai sani ba.

Kuma kada a ce ba mu iya shiri ba. A nan Tawa aka fara kokowar takobin ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ga shi yau jihohi takwas kowace tana tace 'yan kokowarta tun daga ƙauye, ƙasa duka tana tsayawa cik a saurara. Issaka Dabore ya kawo mana tagulla a damben zamani a Munich a 1972, Abdoul Razak Alfaga ya kawo azurfa a taikwando a Rio a 2016. Inda muka sa hankali muna fitar da mutane. Kuros kuwa ya fi su duka arha, ba ya son fili mai roba irin na babban filin wasa na Seyni Kountché. Ƙasar Adar ma kamar don shi aka yi ta: ga rairayi, ga fako, ga hawa da gangara a wajen Keita da kwarin Magiya. Zagayen kilomita 2 ake bukata, irin wanda ake yi sau biyar a gasar duniya, da igiya da tutoci, da mutum biyu masu rubuta lambobi a bakin layi, da ma'aikacin lafiya ɗaya.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, Alhaji, ga inda hannunka zai kai. Ka zaɓi makarantu huɗu ko biyar na unguwarku, ka yi magana da daraktocinsu da mushen wasanni, a tsayar da Asabar ɗaya cikin Janairu. Kowace makaranta ta kawo maza shida mata shida, a ƙirga huɗu huɗu yadda na bayyana wa ɗana tela. Kyautar ta tafi ga ƙungiya, littattafai da takalma, kada a tara ta a hannun yaro ɗaya. Sharaɗin da zan roƙe ka shi ne ka yi niyyar maimaitawa baɗi da baɗin baɗaɗa a wannan watan, kuma a adana sunaye da lokutan da yara suka yi a littafi guda, don wanda ya zo na tara bana ya san abin da zai nema ya karya.

TAMBAYA: Mushe, ba ni da kuɗin takalmi mai ƙusa. In yi gudu ba takalmi? Daga wani ɗalibi, Tawa.

AMSA: Ɗana, ba a hana ba. Zola Budd ta ci gasar duniya ta mata a 1985 da 1986 ƙafarta ba takalmi. Sai dai ita a kan ciyawa mai laushi ta yi, kai kuwa ƙasarku akwai tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa da fasassun kwalabe a bakin gari. Takalmi mai ƙusa amfaninsa a taɓo ne da jiƙaƙƙiyar ciyawa, a rairayi da fako ba ka bukatarsa. Ka nemi takalmin gudu mara nauyi a wajen masu gwanjo, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar sararin yatsa ɗaya a gaba. Ka sa safa, kuma kada ranar tsere ta zama ranar da za ka fara sa shi.