Sabbin kwamfutoci ko sabon faifai? Amsa ga wani mai sarin kaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sarin kaya, kuma ina da kwamfutoci huɗu da muke rubuta ciniki da bashi da fitar da rasit. Duk sun tsufa, sun yi nauyi, Windows 10 ce a kansu. Yaron da ke mana gyara ya ce kada in sayi sabbi, in sa musu faifan SSD in koma Linux. Wani kuma ya ce SSD ba ta da ƙarko. In zuba kuɗi a tsofaffin, ko in haƙura in sayi sabbi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka ya ba ka shawara mai kyau, amma rabinta ya faɗa maka.

Nauyin da kake gani galibi ba daga ƙwaƙwalwar injin yake ba, daga tsohon faifan ajiya ne, wanda ake kira HDD. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke kai-komo yana neman inda bayani yake. SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba ta da abin da ke motsi a ciki. Mai haɗin SATA tana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, tsohon faifai kuwa da ƙyar yake haura 150, kuma a wajen buɗe ƙananan fayiloli masu yawa tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Can ne kwastoma yake tsaye yana jiran rasit, yaronka yana kallon allo. Kuɗin faifai ɗaya ɗan kaso ne na kuɗin sabuwar kwamfuta, sauran kuma jari ne da zai zauna a cikin kaya yana juyawa.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, a ɓangaren Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharaɗin ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Linux, wadda ita ma tsarin tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, ba ta da kuɗin lasisi, kuma tana zuwa iri-iri, kamar Ubuntu da Linux Mint. Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024, tana da tallafin tsaro na shekara 5 kyauta, Linux Mint kuma fuskarta ta fi kama da abin da yaranka suka saba.

To ga rabin da bai faɗa maka ba. Kafin ka sayi ko faifai ɗaya, tambayi kanka da wace manhaja kake riƙe lissafi. In Excel ce kawai, LibreOffice Calc, takwararta da ke aiki a Linux, tana buɗe fayilolinta, sai dai masu ɗauke da umarnin da ake kira macro su kan yi gardama. In ta intanet kake shiga, babu matsala. Amma in manhajojin lissafin kasuwanci ne irin su Sage 50 ko QuickBooks na kan kwamfuta, ba a yi musu na Linux ba. Za a ce maka akwai Wine da ke sa manhajojin Windows su yi aiki, kuma haka ne, amma ni ba zan ɗora littafin bashin kasuwa a kan dabara ba. Wannan kwamfutar ka sa mata SSD, ka bar ta a tsarin da manhajarta ke so, ko ita kaɗai ka sabunta. Haka firintar rasit da na'urar karanta lambar kaya. A sa Linux a filashi, a tada kwamfuta da shi ba tare da an taɓa faifan ciki ba, a buga rasit na gwaji ka riƙe shi a hannunka. In bai fito ba, ka gano tun ba ka yi asarar yinin ciniki ba.

Ka fara da guda ɗaya, wadda in ta tsaya kasuwa ba za ta tsaya ba.

Wajen saye, a buɗe kwamfutar a ga irin ramin da take da shi, ko na inci 2.5 na SATA, ko siririn nan na M.2. Shi ma M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka ba. Gigabait 250 zuwa 500 ya ishi aikin ofis. Ka guji mai arhar da ta wuce hankali, don akwai jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Manhajar f3 tana tona asirinsu. In RAM ɗin kwamfutar, wato ma'ajiyar wucin-gadi da take aiki da ita, gigabait 4 ne, a ƙara shi zuwa 8 tunda an riga an kwance ta.

Ranar ɗorawa, ka tsaya a kan abu uku ko da ba ka fahimci sauran ba. A shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, a tabbatar haɗin faifan yana kan AHCI, domin wasu kwamfutocin suna zuwa a kan RAID ko Intel RST, sai Linux ta ƙi ganin faifan gaba ɗaya, a zaci ya lalace. A bar tsarin fayil a kan ext4, wanda yake aiki tun 2008 kuma kowane mai gyara ya san shi. Sannan a duba TRIM. SSD ba ta iya rubutu a kan wurin da ke da tsohon bayani sai ta share shi tukuna, TRIM kuma shi ne yadda Linux ke sanar da ita wuraren da aka gama da su, don ta share tun kafin a buƙata. Yaronka ya rubuta systemctl status fstrim.timer, in ya ga a kunne yake, shi ke nan, duk mako zai yi aikinsa da kansa. Ubuntu da Mint suna zuwa da shi a kunne. In ya fara kawo maka dogon jerin gyare-gyaren da ya gani a tsofaffin darussa, ka ce ya bari. Yawancinsu an rubuta su ne lokacin da SSD take sabuwa, yanzu tsarin yana yin su da kansa, kuma kuɗin aikinsa kawai za su ƙara. Abin da ya rage maka shi ne kada a cika faifan maƙil, a bar masa sarari.

Maganar ƙarko kuwa, lissafi ne, kuma lissafi sana'arka ce. Gaskiya ne kowane gurbi a cikin SSD yana da iyakar rubutun da zai ɗauka. Kamfanoni suna rubuta wannan iyaka da sunan TBW. Samsung 870 EVO mai gigabait 500, alal misali, an ba ta terabait 300 (terabait ɗaya gigabait 1,000 ne) da garantin shekara 5. A ce kwamfutarka tana rubuta gigabait 20 kullum, wanda ya yi wa rasit da lissafi yawa ƙwarai. A shekara terabait 7.3 ke nan. Raba 300 da wannan, ka haura shekara 40. Manhajar Disks ko smartctl za ta nuna maka lafiyar faifan duk lokacin da ka so.

Inda wanda ya ce maka SSD ba ta da ƙarko yake da ɗan gaskiya shi ne yadda take mutuwa. Tsohon faifai yakan yi ƙara, ya yi ta tangal-tangal, ka samu zarafin kwashe kaya. SSD tana iya ɗaukewa farat ɗaya, kuma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, in TRIM ya riga ya bi ta kansa, da wuya a dawo da shi. Saboda haka cikin kuɗin da ka tsira da su, ka ware na kwafin ko-ta-kwana tun ranar farko. Tsohon faifan da aka cire kada a goge shi sai an yi wata guda ana aiki lafiya. Bayan nan a sa shi a ƙaramin gida mai USB, a riƙa kwafe littafin ciniki da na bashi a kai kullum bayan an tashi, wani kwafin kuma ya kwana a wani wuri dabam, ba ɗaki ɗaya da kwamfutar ba. Ka naɗa mutum ɗaya da sunansa a kan wannan aiki, kuma duk ƙarshen wata ka sa ya buɗe kwafin a gabanka ya nuna maka cinikin jiya.