Tambaya da Amsa: Kwatano, Tashar Ruwa da Wuraren Kallo

Tambaya, daga wani mai karatu a Maraɗi: Assalamu alaikum. Ina da niyyar zuwa Kwatano sarin kaya, ina kuma so in ɗan zaga gari. Me ke riƙe da arzikin birnin, kuma ina ya kamata baƙo ya leƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Arzikin Kwatano, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, a bakin teku yake. Tashar jiragen ruwanta ta fara aiki a 1965, kuma tun 2018 kamfanin tashar Antwerp ta Beljiyam ke tafiyar da ita. Auduga da kashu ake fitarwa. Shinkafa, daskararrun kaji, atamfa da motoci na hannu kuwa shigowa suke yi, kuma kaso mai yawa ba na Benin ba ne, kayan wucewa ne zuwa Nijar da Najeriya. Tirela takan bi ta Parakou zuwa Malanville, tafiyar sama da kilomita 700, ta haye gadar Kwara ta faɗa Gaya.

A nan haɗarin yake, don kasuwar da ta dogara da iyaka, ranar da aka rufe iyaka ta mutu. Najeriya ta hana shigo da motoci ta ƙasa a Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe gadar Gaya, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Saboda haka kada ka biya kuɗin kaya sai ka tabbatar da halin da hanyar take ciki a makon da za ka tashi.

In kwantena za ka fitar, nemi wakili mai lasisin duwan, wato kwastam, ka ga takardarsa da idonka. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta bayan sauke kaya, daga nan kuɗin jinkiri yana hawa kullum. Abin da ya fi jawo tsaiko shi ne saɓani tsakanin takardar lodin jirgi da rasiɗin saye: suna, yawan kaya ko nauyi. A gyara wannan tun jirgi bai iso ba. Ƙananan sari kuwa, kasuwannin Dantokpa da Missebo ne suka yi suna a kansa, kuma a unguwar Zongo za ka sami masauki, masallaci da masu jin Hausa.

Gine-ginen Kwatano galibi na siminti ne, ba su da tsufa. Abin kallo a ciki shi ne majami'ar Notre-Dame mai zanen ja da fari, da mutum-mutumin jaruma ta tsohuwar masarautar Dahomey mai tsayin mita 30 da aka buɗe a 2022. Mai son ginin tarihi ya tafi Porto-Novo, wanda shi ne babban birnin ƙasar a hukumance. Babban masallacinsa an gina shi da salon da 'yantattun bayi suka dawo da shi daga Birazil, har wanda bai sani ba zai ɗauka coci ne. A ganinmu ya cancanci yini guda.

Ganvié gari ne da aka kafa a kan turaku cikin tafkin Nokoué. Ana hawa kwalekwale daga Abomey-Calavi, kuma a yi ciniki kafin a shiga, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane. Ouidah tana kimanin kilomita 40 yamma, inda aka gina Ƙofar Tafiya Ba Dawowa a bakin teku don tunawa da bayin da aka yi lodinsu a wurin.

A cikin gari 'yan acaɓa masu riguna ruwan ɗorawa, da ake kira zemijan, su ne abin hawa. Riƙe katin rigakafin shawara tare da takardun tafiyarka. Ruwan sama ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, unguwanni da dama kan cika da ruwa. Kada ka shiga teku a Fidjrossè ko da ka iya ninƙaya, igiyar wurin tana ja da ƙarfi zuwa ciki.