Suna tambayar kuɗi sai su ɓace, ya zan yi in gamsar da su?

Wata 'yar uwa mai saro atamfa da leshi a Kantin Kwari tana saidawa ta WhatsApp ta turo min tambaya, ta ce mutane suna ganin kaya a sitatus su ce nawa ne, da ta faɗi kuɗi shiru kake ji, ƙawarta kuma ta ce mata wai matsalarta ba ta iya baki ba. To ko ta koyi daɗin baki ne?

Hajiya don Allah kar ki koya. Matar da ke sayen kaya ta waya tsoro ne ya cika ta, an sha nuna mata hoto mai kyau ta tura kuɗi, kaya ya iso tasha ta buɗe leda ta ga wani abu daban, ta kira lamba a kashe. Wannan tsoron za ki cire mata, kuma zaƙin baki ƙara shi yake, don wadda ta cuce ta ma da shi ta zo.

Ki ɗau bidiyo a hasken rana ba fulta, ki warware turmin ki nuna tambarin da ke gefe, ki ce yadi 6 ne cif, in kwafi ce ki ce kwafi ce ga kuɗinta ga na orijina, in tana zuba a wankin farko ki faɗa tun kafin a tambaye ki. Nan ne mutane ke jin nauyi, gani suke ciniki zai lalace, alhali wadda kika gaya wa aibin kaya da bakinki ita ce gobe za ta kawo miki ankon biki gaba ɗaya.

Rantsuwar nan kuma ki rage ta, wallahi tallahi haka na saro. Hadisi ne a Bukhari da Muslim, rantsuwa tana saida kaya amma tana shafe albarka.

Sannan in an ce nawa, kar ki jefa lamba kawai ki yi shiru. Ki tambaye ta na Sallah ne ko na biki, nawa ta ware, ki tura mata kala biyu ko uku da suka dace, ba ashirin ba ta rikice. Ki haɗa kuɗin mota a lissafi tun farko, ki ce in kaya ya iso ba yadda kika nuna ba ta dawo da shi ki maida mata kuɗinta, ranar da hakan ta faru kuma ki cika ko da za ki ji a jikinki.

In ta yi shiru ki taɓa ta sau ɗaya washegari, daga nan ki ƙyale ta.