Ku Tambaye Mu: Kunama Mai Zango Biyu a Bindigar Wasan Harbi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne da ya yi ritaya a nan Jos, kuma na daɗe ina riƙe da bindigar wasanni mai sakata, mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, wadda nake da lasisinta. Ba na farauta da ita, takardar auna saiti kawai nake harbi daga nisan mita 50 a filin da aka amince a yi harbi. Damuwata ita ce kunamarta tana da nauyi, kuma tana jan ƙafa kafin ta saki, har bakin bindigar yakan gusa daga inda na saita shi. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko mini da kunama mai zango biyu in sauya da kaina. Mene ne amfaninta, wace iri zan zaɓa, kuma zan iya ɗaura ta a gida? Daga wani mai karatu a Rayfield, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da batun aikowar, domin shi ne ya fi gaggawa. Ka dakatar da ƙanenka tukuna. Dokar Makamai ta 1959, wadda ake aiki da ita a Najeriya, ta ɗauki sashen bindiga a matsayin bindiga, saboda haka kunamar da aka naɗe a kwali aka jefa a jakar matafiyi ba ƙaramin ƙarfe ba ce a idon jami'an kwastan. Dokar ta kuma taƙaita gyaran bindiga ga ma'ajiyar makamai ta hukuma da waɗanda aka ba izini. Lasisin da ke hannunka na mallaka ne, bai ba ka ikon shigo da sassa ko kwance bindiga a gida ba. Ita ma Amurka tana da nata ƙa'idojin fitar da sassan makamai, wanda ke nufin shi ma ƙanen naka yana iya shiga uku a can. Ka je sashen da ke kula da lasisin bindigogi a hedkwatar 'yan sanda ta jiha, ka faɗi abin da kake so a rubuce, ka karɓi amsa a rubuce. A gari irin namu, da ya ɗanɗana ɗacin makamai a hannun da bai dace ba, ina ganin wannan ƙa'ida ta cancanci a bi ta da zuciya ɗaya.

To, mu koma ga ita kanta kunamar. A cikin bindiga mai sakata, idan aka ɗana, akwai sifirin da ya matsu yana neman ya tura allurar da ke bugun gindin harsashi, kuma abin da ke riƙe da shi ɗan maƙalli ne, wato haƙoran ƙarfe biyu da suka ciji juna. Aikin kunama shi ne ta zame ɗaya daga kan ɗaya. A kunama mai zango ɗaya, yatsa yana cin karo da dukan nauyin tun daga farko, yana ƙara matsi har ta saki. Idan ana son irin wannan ta saki tsaf ba tare da jan ƙafa ba, dole a rage cizon haƙoran ya zama ɗan kaɗan ƙwarai, ƙasa da milimita ɗaya, kuma a haka bindigar za ta zauna duk tsawon lokacin da take ɗane.

Mai zango biyu ta raba aikin gida biyu. A zangon farko kunamar tana tafiya baya da laushi, tana cinye mafi yawan cizon haƙoran, har ta zo wani wuri ta tokare. A nan maharbi yake tsayawa, ya daidaita numfashinsa, ya tabbatar da saitinsa, sannan ya ƙara ɗan matsi kaɗan, ta saki. Ɗauki misalin kunamar da jimillar nauyinta giram 900 ne, an sa 600 a zangon farko, 300 a na biyu. A daidai lokacin da harsashi zai tashi, abin da yatsa ya ƙara giram 300 ne kawai, alhali kuwa kafin a taɓa ta haƙoran suna cije da juna sosai, ta yadda girgiza ko faɗuwa ba za su raba su cikin sauƙi ba. Wannan dabara tsohuwa ce. Bindigar Mauser ta 1898 da Lee-Enfield ta Ingila, wadda dattawanmu da suka yi aikin ɗan sanda suka sani da Mak 4, duka kunama mai zango biyu gare su, domin an ƙera su ne don sojan da zai yi gudu, ya faɗi, ya tashi da bindiga ɗane a hannunsa.

Akwai abin da nake so ka riƙe, domin masu talla ba sa faɗarsa. Sabuwar kunama ba ta ƙara wa bututun bindiga ko harsashi komai. Idan aka ɗaure bindigarka a maƙalar ƙarfe aka harba, inda harsasanta suke taruwa a yau nan za su taru gobe da sabuwar kunama. Abin da take gyarawa shi ne ɓarnar da hannunka yake yi a daƙiƙar ƙarshe. Bindigar da ba ta wuce kilo 3 ko 4 ba, idan sai ka matsa kilo 2 da yatsa ɗaya kafin ta tashi, da wuya bakinta ya tsaya cik, kuma gusawar milimita ɗaya a bakin bututu takan zama santimita da yawa a nisan mita 50. Tun da ka ce kana ganin bakin yana gusawa, ina kyautata zaton ka gano ciwon daidai. Duk da haka, kafin ka kashe kuɗi, ka sa mai gyara ya duba wadda ke jiki. Bindigogi da yawa na zamani suna zuwa da sukurun daidaita nauyi, kuma sau da yawa abin da mutum yake kira jan ƙafa tsohon mai ne da ya daskare ya haɗu da ƙura.

Idan aka duba aka ga sauyin ya zama dole, kuma hukuma ta ba da izini, abu na farko a wajen zaɓi shi ne dacewa. Kowace kunama an ƙera ta ne don wani samfurin bindiga. Da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa an yi su ne a kan tsarin Remington 700, bindigar da ta fito a 1962 kuma masu ƙira da yawa suka kwaikwayi zubinta, inda ƙusoshi biyu ke riƙe da akwatin kunamar. Wadda aka yi don wannan tsari ba za ta shiga bindigogin kamfanonin CZ ko Tikka ko Anschütz ba. A cikin sunayen da aka sani akwai Timney na Amurka, wanda ya fara aiki tun 1946, da TriggerTech na Kanada, wanda ke sa ɗan gangaren ƙarfe tsakanin haƙoran don rage gogayya, da Bix'n Andy na Ostiriya, mai amfani da ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Ba zan fifita maka ɗaya a kan ɗaya ba, domin suna ba shi ne ma'auni ba. Ka tambaya ko akwai samfurin da aka yi takamaimai don bindigarka, ko yana zuwa da makullin tsaro, wato abin da ke hana bindiga tashi bisa kuskure, da kuma ko zai yi aiki da abin sakin sakata da ke jikinta.

Na biyu, ka tabbatar mai zango biyu ce ta gaskiya. Akwai waɗanda zangonsu na farko sakaka ne kawai, sifirin ne ke ba yatsa ɗan aiki, amma haƙoran ba sa motsi, cizonsu kuma ɗan kaɗan ne tun asali. Irin wannan tana ba da jin mai zango biyu a yatsa ba tare da amincinta ba. A ta gaskiya kuma akwai sharaɗi guda da ba a sassauci a kansa: idan ka ja zangon farko, sannan ka fasa harbi ka ɗage yatsa, dole kunamar ta koma gaba da kanta, haƙoran su koma cikakken cizonsu. Wadda ta maƙale a tsakiya ta bar ka da bindiga a bakin tashi ba tare da ka sani ba.

Game da nauyi, a nan ne na fi ganin mutane suna ruɗuwa, domin kowa yana son a ce tasa ce ta fi sauƙi. Gaskiya ne manyan maharban gasa suna saukar da tasu zuwa giram 100 ko ƙasa, amma su suna harbi ne a tsaye wuri ɗaya, a ƙarƙashin idon alƙali, bayan dubban harbi na horo. Ko a gasar ma akwai iyaka a wasu fannoni: hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta wajabta aƙalla giram 500 ga ƙaramar bindigar iska ta mita 10. Shawarata gare ka ita ce ka fara daga wajen giram 900 zuwa kilo 1, ka zauna a kai wata da watanni, sannan ka ga ko akwai buƙatar ragewa. Ka kuma tuna inda kake zaune. Jos tana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma da safiyar Disamba da Janairu yatsa yakan ƙage har ya kasa bambance giram 100 da 300. Kunamar da ta yi maka daɗi a watan Afrilu tana iya tashi kafin ka shirya a tsakiyar hunturu. Kundin kamfanonin Amurka yakan ba da nauyi da fam, kuma fam ɗaya kusan giram 454 ne, don kada lissafin ya rikice maka.

A kan ɗaurawa a gida, amsata a'a ce, ko da doka ba ta hana ba. Cire ƙusoshi biyu a mayar ba shi da wuya, amma aikin yana cikin abin da ke biyo baya. Wani lokaci akwatin sabuwar kunama ya fi na tsohuwa faɗi, sai ya gogi katakon ƙota, wato katakon da ƙarfen bindigar ke zaune a ciki, kuma idan aka ɗaure sukurori sai katakon ya danne makullin tsaro ko ya hana kunamar komawa, abin da ba a gani daga waje. Ko kamfani ma yana kuskure a wannan wuri. A 2014 Remington ya janye ɗimbin bindigogi masu kunamar X-Mark Pro, saboda rarar gam da aka sa wajen haɗa ta tana iya sa bindiga ta tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Idan ɗigon gam ya isa ya jawo haka a masana'anta, ka auna abin da sukundireba da zato za su jawo a kan tabarma.

Abin da ya rage a wuyanka shi ne ka tsaya a gaban mai gyaran ya gwada ta kana kallo, bayan kun tabbatar da idanunku biyu cewa babu harsashi a ciki kuma bakin yana fuskantar inda ba kowa. Ya rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, allurar ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Ya sa makullin tsaro, ya matsa kunama sosai, ya ɗage yatsa, sannan ya buɗe makullin, nan ma kada ta saki. Ya buga gindin ƙota a kan abu mai taushi tana ɗane. Ya ja zangon farko ya saki, ku ga ta koma. Daga ƙarshe ya auna nauyin da ma'auni sau goma, ka rubuta lambobin, domin kunamar da ke ba da 900 yanzu, 700 an jima, ta fi mai nauyin kilo 2 da ba ta canzawa haɗari. A yi waɗannan gwaje-gwaje bayan an mayar da ƙarfen cikin ƙota an ɗaure, tun da a nan matsalar ta fi ɓuya. Da yake taka .22 ce, a sa harsashin gwaji na roba a ciki, saboda allurar irin wannan bindiga tana bugun gefen harsashi ne, kuma idan babu komai tana iya cin bakin ɗakin harsashin. Bayan haka kada ka zuba mata mai mai kauri. Ƙurar hunturu da mai idan suka haɗu sukan zama laka a cikin akwatin, su mayar da kai gidan jiya.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 16 ya fara koyon harbin bindigar iska na mita 10 a ƙarƙashin mai horarwa, yana ta roƙona a rage masa nauyin kunama kamar na manyan 'yan wasa. In yarda? Daga wata mai karatu a Gwarinpa, Abuja.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi. Ki bar wannan hukunci a hannun mai horar da shi. Ɗokin yaron yana da dalili, domin a gasar doguwar bindigar iska ɗigon tsakiya mai maki 10 faɗinsa rabin milimita ne, ana harbi 60 da ƙwayar dalma mai milimita 4.5, kuma ƙaramin motsin yatsa yana cin maki. Bindigogin gasa irin na Feinwerkbau da Walther suna zuwa da kunama mai zango biyu da ake daidaitawa, ba sai an sayi wata ba. Amma mai koyo yana buƙatar ya fara jin inda zangon farko ya ƙare, ya iya tsayawa a nan ya fasa harbi idan saiti bai yi ba, kuma kunama mai sauƙi ƙwarai tana hana shi koyon wannan. Idan kuwa bindigarsa irin mai sifirin ce da ake karya bututunta a ɗana, kada kowa ya taɓa sukurunta, domin idan ta saki bututun yana karye, zai dawo da ƙarfi a kan yatsun da ke sa dalma. Ki kuma tambayi mai horarwar a kan takardun bindigar, tun da dokar 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda ake nema wa lasisi.