Amsa: Zuwa ganin falaj na Birkatul Mauz da Hajiya

Ɗan'uwa, kana tambaya ko za ka iya kai Hajiya ta ga tsohuwar magudanar ban-ruwa, wato falaj, ta garin Birkatul Mauz daga Maskat, babban birnin ƙasar Oman, ku je ku dawo a yini ɗaya ba tare da ɗan jagora ba. E, za ku iya. Tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota ta hanyar Nizwa, garin kuma ƙarami ne, ruwan da kansa zai nuna muku hanya cikin gonakin dabino. Ana kiran falaj ɗin da suna Falaj al-Khatmain, yana cikin falaj guda biyar na ƙasar Oman da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya a 2006, kuma har gobe da shi manoman garin suke shayar da gonakinsu, kowa da lokacinsa.

Sharaɗina ɗaya ne: ku isa da sassafe, tsakanin Nuwamba da Maris, don da bazara zafin wurin yakan wuce digiri 40, ko mutumin Sakkwato sai ya nemi inuwa. Na lura bakin magudanar siriri ne a wasu wurare, ga santsi, to kada Hajiya ta hau kansa, ta bi hanyar ƙasa da ke gefe. Tsofaffin gidajen ƙasa da ke kan tudu ma a ganina ta hange su daga ƙasa ya wadatar. In kun zo wurin wankan mata, ka sa wayarka a aljihu ka wuce.